Daga Zango Zuwa Evanston Ba Biza

Evanston gari ne a bakin tafkin Mishigan, arewa da Shikago, a ƙasar Amurka. A nan Jami'ar Northwestern take, da ɗakin karatunta na Herskovits da aka kafa a 1954 domin littattafan Afirka. Mai karatu zai ce, ina ruwan ɗan zango da garin sanyi? To, akwai gadon malamanmu a can.

Yanzu leƙawa ba sai da biza ba, domin jerin takardun da suka adana yana intanet. Kowane rubutu da lambarsa, da sunan mai shi idan an san shi. Tari mafi girma na Malam Umaru Falke ne, malami kuma ɗan kasuwar Kano da ya rasu a 1962. Rubuce-rubuce fiye da 3,000, Larabci da ajami, daga fiƙihu da waƙoƙi har laƙanin magani.

Amma wanda ya fi shafarmu shi ne kwafin takardun da Jami'ar Gana ta Legon ta tattara daga hannun malamai a shekarun 1960. A nan za ka ci karo da Alhaji Umaru na Kete-Karaci, haifaffen Kano, wanda ya zauna Salaga, ya rasu a 1934. Tsohon garin Karaci ruwan Bolta ya cinye shi bayan ginin madatsar Akosombo, amma waƙoƙin Malam suna nan da lambobinsu.

Sai dai jerin suna ba shi ne littafi ba. Mai son karatu ya kwafi lambar ya rubuta wa ma'aikatan wurin, ko kuwa ya hau mota zuwa Legon, wadda ta fi kusa.