Wa ke da bakin cewa igiya ta ci?

In aka ambaci binciken da masana ke yi kan gyaran wurin aiki, abin da ke faɗo ma yawancinmu a rai shi ne biro mai sanyi da kwamfuta. Ni ɗan Azagor ne, can ƙasar Dakoro, wajen kwarin Tarka, inda gonaki ke ƙarewa makiyaya ta soma. Wuraren aikinmu ba su da yawa: bakin rijiya, kasuwar bisashe, lakkol, sai likita. Duk da haka, akwai abu guda da masu binciken nan suka gano wanda ya shafe mu ƙwarai.

Wata malama a jami'ar Harvard ta Amurka, Amy Edmondson, ta bi ma'aikatan jinya a asibitoci tana ƙirga kurakuran ba da magani, ta fitar da sakamakon a 1996. Ta za ci rukunin da ya fi shugabanci nagari shi zai fi ƙarancin kuskure. Sai ta tarar su ne suka fi yawan kurakurai a rubuce. Dalili? Su ba su tsoron faɗi. Sauran kuwa suna yi, suna binnewa. Abin da ta koya mana ke nan: aiki na kyau inda na ƙasa zai iya buɗe baki ba tare da fargabar a ci mutuncinsa ba.

Mu ma an yi bincike a kanmu. A 2003 Yannick Jaffré da Jean-Pierre Olivier de Sardan, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa cibiyar LASDEL ta Yamai, sun fitar da littafi kan zaman ma'aikatan lafiya da majinyata a manyan birane biyar: Abijan, Bamako, Konakiri, Dakar da Yamai. Sun nuna cewa bayan dokar da ke takarda akwai wata da ba a rubuta ba, kuma ita ce ke tafiyar da aikin yau da gobe.

Yayata ta ga irin wagga doka lokacin da ta yi sitaj a wata likitar karkara. Firigon da ake ajiye allurar rigakafin yara ya yi kwana biyu ba ya sanyi. Wadda ta fara lura ita ce mai shara, wata dattijuwa Buzuwa, don ita ke goge shi kullum da safe. Ta yi shiru. Da abin ya fito, yayata ta ce mata: "Inna, mi ya hana ki faɗi?" Ta ce: "Ɗiyata, ni wa? Taro da faransanci ake yi, ni kuwa tsintsiya aka ba ni." An zubar da maganin, matan da suka taho kan jakuna tun daga rugage suka koma da ɗiyansu ba allura. Kuma an yi sa'a, don da ba a gano ba, da an yi ma yara allurar da ta riga ta mutu.

To ku zo mu tafi bakin rijiya a Azagor cikin watan Afrilu. Rijiyoyinmu na da zurfi, da raƙumi ko jakuna ake jan guga. Yaro ne ke kora dabbar, babba na tsaye a baki. In yaron ya ga igiya ta ci, ihu yake yi, kuma nan take kowa ke tsayawa. Ba wanda ke tambayar shekarunsa, ko Bahaushe ne, ko Bafillace, ko Buzu. Kowa ya san in igiya ta tsinke, guga ya tafi, garke ya kwana da ƙishi. Makiyayin da bai taɓa shiga aji ba yana aiki da abin da Edmondson ta sha wahalar aunawa.

Mi ya sa muke ajiye wannan hankali a ƙofa da zarar mun sa farar riga ko mun riƙe alli? Gobe mu ne majo, mu ne darakta, mu ne ma'aikatan meri. Gyaran bai buƙatar kuɗin poroje. A yi taron ma'aikata da harshen da mai shara da mai gadi ke ji. A fara tambayar na ƙasa kafin manya su yi magana. Wanda ya kawo labari marar daɗi a ce masa sannu, don in an kunyata shi sau ɗaya, an rufe bakin kowa.

Ƴan uwa masu neman abin da za su rubuta memuwar a kai, ga fili nan. Ku je Dakoro, Korahan ko Bermo, ku yi wata guda a wata likita ko lakkol da littafi a hannu. Ku rubuta wa ke magana a taro, da wane harshe, da kuma abin da ke samun wanda ya ce akwai matsala.