Rana Kyauta Ce, Fili Fa?

'Yan'uwa ɗalibai, ni ba na ƙin wutar sola. Wanda ya yi karatun jarrabawa da fitilar ƙwai ba zai ƙi haske ba. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne maganar fili.

Tashar sola ta Kumbotso da aka buɗe a 2023 megawat 10 ce, ta kuwa ci hekta 24. Duk mai son ninkin wannan sau goma sai ya bar birni, in kuwa ya shimfiɗa taswira, kudu idonsa zai faɗa, wato wajenmu: Bebeji, Ƙiru, Tudun Wada har Doguwa, inda takarda ta ce daji ne.

To, mu mun taɓa gani. Da aka gama madatsar Tiga a 1974, zamanin Audu Bako, ruwa ya cinye gonaki da ƙauyuka, aka tashi jama'a. Har yau in aka ce wa dattawanmu aikin gwamnati na tafe, tambayarsu ta farko ita ce, a gonar wa? Dokar ƙasa ta 1978 kuwa gini da shuka take biya wa diyya. Bafillatanin da burtalinsa ya ratsa wurin, da tsohuwar da ke tsintar kaɗanya ta sayi gishiri, me za su nuna wa mai awo?

Dajin Falgore shi ne ma babban abin tsoro. Ta cikinsa Kogin Kano ke bi kafin ya zuba a Tiga. A sare itatuwansa don a jera faifan sola, gada da gwaggon biri da zabin daji su rasa mafaka, damina kuma ta kwashe ƙasar ta jibge a madatsar. An gyara wuta ke nan an ɓata ruwa.

Ga fuskar ruwan Tiga nan shimfiɗe, a wasu ƙasashe a kan ruwa ake ɗora faifan, har ya rage ƙafewa. Ga tsofaffin wuraren haƙar kuza na Riruwai, ga rufin makarantu da kasuwanni. A fara da waɗannan. In ya zama dole a taɓa gona, a zauna da dagaci da arɗo da matan gari tun kafin a kafa turken awo na farko.