Ayar Fasadi a Zauren Kawu

A Garu, can Illela, duk sanda aka ambaci rigakafin shan-inna sai kawuna ya jawo aya ta 11 ta Suratul Baƙara, wadda ke zancen masu ɓarna a bayan ƙasa da ke kiran kansu masu gyara. A wurinsa ayar da Turawa take: wata ƙungiyar asiri mai juya duniya, mai neman rage haihuwar Musulmi.

Ban taɓa raina tsoronsa ba. A 1996 kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan kan yara masu sanƙarau a Kano, 11 suka rasu. Sai dai da Kano ta dakatar da rigakafi daga 2003 zuwa Yulin 2004, cutar ta tsallaka iyakoki, kuma ƙafafun 'ya'yan Musulmi ta shanye.

Malaman tafsiri sun ce kan munafukan Madina ayar ta sauka, wato 'yan cikin gida. Na faɗa masa haka, na haɗa da umarnin Suratul Hujurati na tantance labari kafin a cuci wasu bisa jahilci.

"Ɗana, boko ya yi maka yawa," in ji shi.

Jikarsa, wadda ba a taɓa ɗiga wa maganin ba, tana ta guje-guje a ƙofar zauren.