Tsakanin Gidan Haya da Zango

 Da yawa daga cikinku sun tambaye ni dalilin da ya sa na rage rubutu a Facebook da X, wasu ma har suna zaton ko karatu ne ya sha kaina a nan Jidda. Karatu kam yana nan da nauyinsa, amma dalilin ya wuce haka, kuma na ga ya dace in bayyana shi a wannan mujalla tamu, domin abin ya shafe mu baki ɗaya.

A ganina duk mai shafi a waɗannan manyan kafofi ɗan haya ne, komai yawan mabiyansa. Mun ga haka a watan Yuni na 2021, lokacin da Twitter ta goge wani saƙo na Shugaba Muhammadu Buhari, gwamnatin Nijeriya kuma ta rufe kafar har zuwa 13 ga Janairun 2022. Giwaye biyu suka yi faɗa, ciyawa ta sha wuya: mai sayar da turare da atamfa ta intanet ya rasa masu saye, ɗan jarida ya rasa masu karanta shi. A lokacin gwamnati da mutane da dama suka koma wata kafa ta Indiya mai suna Koo, ita ma a Yulin 2024 ta rufe, duk abin da aka tara a cikinta ya bi ruwa. Sannan a Oktoban 2022 Elon Musk ya sayi Twitter a kan dala biliyan 44, ya sallami ma'aikata masu yawa, a 2023 ya canja mata suna. Ba wanda ya nemi shawarar 'yan haya.

Mu da ke Jidda mun san ma'anar wannan fiye da kowa. Daga ƙarshen 2021 zuwa 2022 an rushe tsofaffin unguwanni da dama don sake fasalin birnin, ciki har da Karantina da Sabil, inda Hausawa da ake kira Takari suka daɗe da zama. Maƙwabtan da suka shekara talatin suna gaisawa kowace safiya suka watsu, kowa ya nufi inda ya sami wuri. Tun daga lokacin nake tambayar kaina: idan aka wayi gari an rufe shafin da muke sanar da rasuwa da haihuwa da tara gudunmawa ga ɗalibin da ya shiga matsala, ina za mu taru?

Akwai kuma batun harshe. A 2018 sashen BBC Africa Eye ya binciki yadda hotunan ƙarya da aka yaɗa a Facebook suka rura wutar rikici a Jihar Filato. Kamfanin da ke zaune a Amurka, wanda ribarsa ke fitowa daga talla, abin da ya fi riƙe idon mutum shi yake turo masa, kuma zagi da tashin hankali sun fi nasiha riƙe ido. Wanda bai san bambancin habaici da barazana a Hausa ba, ta yaya zai yi mana alƙalanci?

Wannan ne ya sa na buɗe shafi a Mastodon, manhajar da wani matashi a Jamus, Eugen Rochko, ya fitar a 2016. Tsarinta ya bambanta. Babu kamfani ɗaya da ya mallaki kowa. Kowace jama'a tana iya kafa uwar garkenta, ta sa dokokinta, ta naɗa masu kula da ita, amma dukkansu suna magana da juna ta wata ƙa'ida da ake kira ActivityPub, kamar yadda mai Gmail ke aika wasiƙa ga mai Yahoo. Saƙonni suna zuwa bi da bi yadda aka rubuta su, babu talla a tsakani. Idan shugabancin wurin bai yi maka ba, kana iya tashi zuwa wani tare da mabiyanka, ko da yake tsofaffin rubuce-rubucenka ba sa bin ka.

Da na fahimci tsarin sai na ga ai ba baƙo ba ne a wurinmu. Kakanninmu fatake da mahajjata ba su da sarki ɗaya da ke iko da hanya daga Salaga zuwa Sabon Ibadan, ko daga Kano zuwa Mai Wurno a Sudan har bakin Bahar Maliya. Kowane zango yana da sarkinsa da limaminsa da masu masaukinsa, amma saƙo da amana da kuɗi suna tafiya daga wannan zuwa wancan. Idan zango ɗaya ya tashi, hanya ba ta mutuwa.

Sai dai kada in yi muku tallan abin da ba shi da aibi. Hausawa a can 'yan kaɗan ne, wani lokaci sai ka yi rubutu ka ji shiru kamar ka jefa tsakuwa a rijiya. Mai kula da uwar garke yana iya ganin saƙon da ka aika a keɓe, kuma idan kuɗinsa ya ƙare ko ya gaji, wurin na iya rufewa. Canja kafa ba ya fitar da kai daga dokar ƙasar da kake zaune, don haka ɗalibi baƙo ya san abin da yake rubutawa a ko'ina. Haka nan lokacin da aka katse layukan waya a Zamfara a Satumban 2021, babu wata manhaja da ta iya sada ɗalibi da iyayensa.

Ni ma ban bar WhatsApp ba, kuma ba zan bari ba muddin ta nan nake jin muryar mahaifiyata. Abin da nake roƙo ƙarami ne. A cikinmu akwai masu karatun kwamfuta a Saudiyya da Masar da Malesiya da Ingila. Me zai hana ƙungiyarmu ta kafa nata zangon, kowa ya riƙa ba da ɗan abin da ya sawwaƙa duk shekara, mu naɗa masu kula da shi waɗanda suka san harshenmu da ladabinmu? Kafin nan, kowane reshe ya adana lambobin waya da adireshin wasiƙar membobinsa a wajen kowace kafa, ya kuma ajiye kwafin muhimman takardunsa. Na kawo wannan shawara ga shugabanni don a tattauna ta a taro mai zuwa.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya mayar da mu gida lafiya. Wassalam.