Ga masu shirin barin Windows su koma Arch Linux

Tun da Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, da wuya mako ya wuce wani bai turo min saƙo ba, wai ko ya sa Linux a tsohuwar kwamfutarsa, tunda Windows 11 ta ƙi karɓarta. Amsata kullum ita ce e, ka sa. Sai dai matasanmu da yawa Arch Linux suke so, don sun ji a YouTube ana cewa shi ne na ƙwararru. To bari in ba ku misali ɗaya na abin da ke jiranku a can.

A Arch, pacman ne ke sauko da manhajoji daga rumbun hukuma. Akwai kuma AUR, kamar kasuwa ce ta 'yan sa-kai, kowa na ajiye umarnin haɗa manhajar da babu ita a rumbun. Shi pacman ba ya shiga wannan kasuwa, shi ya sa mutane ke riƙe ɗan aike, yay ko paru. Kuma ɗan aiken kansa daga kasuwar ya fito. Masu Arch sun faɗa ƙarara cewa ba su ɗauki alhakinsa ba.

Ga inda gizo ke saƙa. Shi yay yana jingine ne da wani fayil na pacman mai suna libalpm. A watan Maris na 2024, da pacman 6.1 ya fito, fayil ɗin ya tashi daga libalpm.so.13 ya koma libalpm.so.14. A Satumba kuma pacman 7 ya kawo na 15. Duk wanda ya sabunta kwamfutarsa sai ya tarar yay ya ƙi tashi, yana cigiyar fayil mai tsohuwar lamba, alhali an riga an kwashe shi. Nawa ma haka ya yi min, da daddare, ina tsakiyar haɗa rahoton da za a kai wa darakta da safe. Wanda za ka aika ya sayo magani shi ne ya kwanta ciwo.

Shawarar da ta fi yawo a lokacin ita ce wai ka yi wa sabon fayil laƙabi da tsohon suna, yay ya ɗauka shi ne. Don Allah kar ku yi. Mu da muke aikin ofis mun san abin da ke faruwa idan aka ɗauki fayil ɗin wani aka rubuta masa lambar wani: yau takarda za ta wuce, gobe a biya wanda bai kamata ba. Ba a banza aka canza lambar ba, abin da ke ciki ne ya canza. Wasu kuma suka ce a mayar da pacman tsohonsa. Wannan ya fi haɗari, don in pacman ya lalace ba ka da sauran abin gyara a hannu.

Gyaran gaskiya shi ne ka sake haɗa yay da hannunka a kan sabon fayil ɗin:

sudo pacman -S --needed git base-devel
git clone https://aur.archlinux.org/yay.git
cd yay
makepkg -si

Shi ke nan fa. Kar ka sa sudo a gaban makepkg, ba zai ma yarda ba. Sai dai da harshen Go aka rubuta yay, dole a sauko da shi kafin a haɗa, kuma yana cin data. Mai lallaɓa 'yar datarsa ya ɗauko yay-bin, haɗaɗɗe ne. In kuma masu yay ba su kai ga fitar da wanda ya dace da sabon pacman ba, haƙuri za ka yi na ɗan lokaci. Pacman -Syu na nan yana aikinsa.

Ni ina son Arch, kuma ban bar shi ba. Amma ɗalibin da kwamfutarsa ɗaya ce tal, a cikinta yake rubuta kundin digirinsa, ko mai shagon buga takardu da ke ci da iyali da ita, wallahi ba zan tura shi can ba. Ya sa Linux Mint 22, ana tallafa masa har 2029, ko Ubuntu mai LTS da ke samun shekara 5. Mai son Arch ya nemi wata tsohuwar kwamfuta ta gefe ya fara koyon makepkg a kanta, kafin ya ɗauki ɗan aike.