Asibitin Galmi da Nauyin Kuɗin Magani

Asibitin Galmi, wanda ƙungiyar mishan ta SIM ta kafa a 1950 a jihar Tawa ta Nijar, yana karɓar marasa lafiya waɗanda akasarinsu manoma ne Musulmi. Abin da ya fi nauyi ga masu tafiyar da irin wannan wuri shi ne kuɗin magani, domin zazzaɓin cizon sauro da tamowa, wato ramar da ƙarancin abinci ke jawo wa yara, sun fi tsananta da damina, lokacin da rumbuna suka ƙare kuma sabon gero bai nuna ba. Idan aka yafe kuɗin baki ɗaya, magani zai ƙare. Idan kuma aka tsananta, uwa za ta jinkirta kawo ɗanta har jikinsa ya yi tsanani.