Yadda na koyi tuƙa moto

Ni ma'aikaciyar lafiya ce. Aikina na farko, a wani ƙaramin gidan likita na yi shi, cikin ƙasar Tasawa. Ranar da na kama aiki, Majo, wato shugabanmu, ya kai ni gindin bedi. Akwai wani moto Yamaha a tsaye. Ya ce :

— Ga abokin aikinki. Ƙauyuka 6 ne za ki riƙa kai wa rigakafi.

Gabana ya faɗi. Na ce :

— Majo, ni ko keke ban taɓa hawa ba.

Ya yi shiru. Can sai ya ce ya ba ni wata biyu in koya.

Me ya sa sai moto ? Maganin rigakafi ba ya son zafi. Ana ajiye shi cikin sanyi, tsakanin digiri 2 da digiri 8. In za a fita da shi, ana sa shi cikin akwati tare da ƙanƙara. Amalanke ba ya da sauri. Kafin ya kai ƙauye mai nisa, rana ta take, ƙanƙara ta soma narkewa.

Ina da kawu makanike a cikin gari. Shi na je na roƙa. Kullum bayan la'asar muna haɗuwa a filin ƙwallo na lakkwal. Kwana 5 na farko, keke ya ba ni. Da na daina faɗuwa, sai ya ce in tura moto, ba tare da an tada shi ba. Ashe ya kai buhun hatsi nauyi ! Na zagaya filin ina gumi.

Sannan Kawu ya nuna mini aikin kowace gaɓa. Hannun hagu yana riƙe ambarayaji, wanda wasu ke kira kuloci. Ƙafar hagu tana sa bitesi : na ɗaya a taka ƙasa, sauran a ɗaga sama. Hannun dama yana ba da wuta, kuma shi ke kama birkin gaba. Ƙafar dama tana taka birkin baya. A baki abu ne mai sauƙi. Amma da na hau, sai na manta ina ne hagu, ina ne dama.

Ambarayaji ne ya fi ba ni wahala. In na sake shi da sauri, sai moton ya zabura ya mutu. In na ba da wuta da yawa, sai ya yi ta ruri, ni kuma tsoro ya kama ni. Ƴan lakkwal suka taru bisa katanga suna ƙirga mini. Duk lokacin da inji ya mutu, sai su ɗaga murya :

— Tara !... Goma !... Goma sha ɗaya !

Kawu bai yi dariya ba. Ya ce :

— Ɗiyata, yaya kike sauke tulu cike da ruwa daga kanki ?

— Sannu sannu, Kawu.

— To, haka za ki saki hannun nan.

Na gwada. Na ji moton ya ɗan ja, kamar jakin da ya yarda ya tafi. Na ɗora ƙafafuna. Ina tafiya ! Murna ta cika ni. Sai na hango ƙarfen raga a gabana. Na ƙura masa ido don kada in buge shi. Kai tsaye na nufe shi, na buge shi. A ranar na gane cewa inda ido ya duba, can moto yake tafiya.

Mako na uku muka fita bayan gari, inda rairayi yake da zurfi. Tayar gaba ta soma rawa. Na tsorata, na matse birkin gaba da ƙarfi. Nan take na same ni kwance cikin ƙarangiya, moton bisa ƙafata. Kaina ya bugi ƙasa, amma kaske ya tare ni. Salansa mai zafi ta ƙone mini ƙwauri, domin zane kaɗai na ɗaura. Tun daga ranar nake sa wando mai kauri, ina kuma cusa bakin mayafina cikin riga, don kada taya ta kama shi.

Da dare ni da kaina na wanke ƙunar, na ɗaure ta. Na yi kuka. Kwana 4 ban koma filin ba. Na shirya in gaya wa Majo ya nemi wani.

Rana ta biyar, wata mata ta iso da hantsi, goye da yaro. Tun asuba take tafiya a ƙasa. Jikin yaron zafi rau, idanunsa jawur, ƙuraje sun feso masa. Ƙyanda ce. Ana yi wa jariri rigakafinta yana da wata 9. Wannan ya shekara biyu, ba a yi masa ba. Na tambayi sunan ƙauyensu. Yana cikin guda 6 ɗin nan nawa.

Da la'asar na koma wurin Kawu ina ɗingishi. Bai tambaye ni kome ba. Ya ce :

— Cikin rairayi, ki bar birkin gaba. Ki matsa baya kaɗan, ki riƙe wuta daidai, ki dubi nesa.

Sai da na sami farmi, wato takardar izinin tuƙi, Majo ya ba ni makulli. Na ɗaure akwati a baya, na fita da sassafe. Tafiyar kilomita 14 ce. Sau biyu inji ya mutu. A wani kwari na sauka na tura. Da na isa, mata suna zaune gindin tsamiya da jariransu. Na buɗe akwatin, hannuna yana rawa. Ƙanƙara tana nan, ba ta narke ba.

Na cire kaske. Wata tsohuwa ta riƙe baki, ta ce :

— Af ! Ashe mace ce !

Na ce : «Ni ce, Inna. Wa za mu fara yi wa ?»